Kiran Shanun Dikko a Kaset

Idan ka tambayi mutanen tsakanin Tudun Wada da Doguwa wane ne gwamnati ba ta san da zamansa a duniya ba, kafin ka rufe baki za a ce maka Dikko. Shi ma da kansa haka yake faɗa, yana faɗa yana shafa ɗan gemunsa kamar wanda aka yi wa naɗi. Bafulatani ne dogo siriri. Yana ɗan noma abin da za a ci, amma ransa da hankalinsa duk suna wurin shanu.

Shekarar da soja suka yi ƙidayar jama'a, malaman ƙidaya sun yi ta sintiri a rugarsa. Kullum sai su tarar da matarsa Maijidda tana daka, ta ce musu mai gidan ya yi gabas tun da damina, alhali gogan naka yana bayan rumbu a tsugune yana jin su. Haka aka gama ƙidayar, babban yatsansa bai ga tawada ba, ya yi ta yawo da shi a kasuwa yana nuna wa mutane. Masu allurar dabbobi kuwa in sun zo, wasu ramammun shanu da yake ajiyewa a bakin ruga don irin wannan rana yake nuna musu, ya marairaice, ya ce abin da annoba ta bar masa ke nan. Da aka fara ganin wani ƙaramin jirgin sama yana bin daji ƙasa-ƙasa, aka ce shanu yake ƙirgawa, sai Dikko ya kora garkensa cikin kurmi ya kwantar, ya ce jirgin ya je ya ƙirga suri.

Ko ba don gwamnati ba ma, Dikko ba ya faɗin yawan shanunsa. Haka ya gada: dabbar da aka ƙirga da baki, baki ke cin ta. In ka matsa masa sai ya ce na Allah ne, shi kiwo kawai yake yi.

To amma akwai abin da ya fi yawan shanun zama sirri, shi ne inda suke kwana. Tun da gonaki suka cinye burtali, masu noman rani kuma suka killace bakin ruwa, Dikko ya rasa inda zai sa kansa, sai ya shige gandun dajin gwamnati da garken gaba ɗaya. Can ciki, bayan wasu duwatsu, akwai kwarin da ruwansa ba ya ƙafewa, ciyawa har gwiwa. Dokar dajin kuwa kowa ya san ta: duk dabbar da aka kama a ciki ta zama ta hukuma sai abin da alƙali ya gani. Wato duk abin da Dikko ya mallaka a duniya, da abin da ubansa ya bar masa, da shanun da Maijidda ta zo da su daga gidansu, duk suna zaune ne a kan wannan sirri ɗaya.

Wanda hukuma ta ɗora wa aikin tono sirrin shi ne Zailani. Allah sarki Zailani! Wai shi ɗan leƙen asiri ne, aikinsa ya saje da jama'a, ya saurara, ya kai rahoto sama. Amma tun ranar da ya sauka garin da baƙin tabarau da takalmin gwamnati, har akuyar kasuwa ta san shi. Teburin mai shayi ne ofishinsa. In ya zauna sai hirar ta koma kan tsadar taki da ciwon baya, in ya tashi a ci gaba daga inda aka tsaya. Yara kan gaishe shi da sannu da aikin asiri, shi kuma ya amsa da yawwa kafin ya tuna bai kamata ya amsa ba. Babur ɗin da aka ba shi ya fi daɗewa a ture fiye da a hawe.

Duk da haka mutumin yana da naci, a ba shi wannan. Ya sha ɗebo masu gadin daji su bi sawun kofato har su hango ƙura. Abin da ke kayar da su kullum abu ɗaya ne, kiran Dikko.

Kowane makiyayi yana da kiransa, amma na Dikko daban ne. Daga ubansa ya karɓa, shi ma daga nasa uban. Yakan fara can ƙasan maƙogwaro, ya hau, ya hau, ya karye a sama kamar zai yi kuka, sannan ya sauko da sunan babban bijimin. Da wannan kira ake ba shanun kanwa tun suna maruƙa, saboda haka in suka ji shi, ko ruwa suke sha sai su bari. Da zarar Dikko ya ji motsin takalmi, sai ya zagaya can wani ɓangaren dutse ya saki kiran sau ɗaya, garken ya tashi ɗungurungum ya bi shi ta inda ko kare ba zai bi ba. Su Zailani su iso su tarar da kashin shanu mai ɗumi da ƙudaje.

Babban bijimin fari ne tas, ga tozo ga ƙaho. Dikko ya raɗa masa suna Gwamna, ya ce shi kaɗai ne gwamnan da in talaka ya kira yake zuwa.

Maijidda ba ta son wannan cika bakin. Takan ce masa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, bare ya tsaya tsakiyar kasuwa yana kaɗa aljihun. Shi kuwa ya ce mata ta bar shi da Haɓe da gwamnatinsu, ya san su kamar yunwar cikinsa. Duk wanda ya zo maka da takarda da alƙalami da ɗaurarriyar fuska, to ka gudu. Iliminsa ke nan gaba ɗaya, kuma ya daɗe yana yi masa aiki.

Sai ga shi wata ranar kasuwar Tudun Wada wata mota ta shigo, launin rawaya, an zana mata ƙaton zomo mai miƙaƙƙun kunnuwa a kowane gefe, ga lasifikoki a kanta suna fuskantar gabas da yamma da kudu da arewa. Motar Kamfanin Zomo ce, masu yin rediyo da rikoda da batir. Kafin a sauke janareta kiɗa ya cika kasuwar. Aka kafa talabijin a kan tebur, wani saurayi ya saɓa na'urar ɗaukar hoto a kafaɗa, duk wanda ya gifta sai ya ga kansa a cikin akwati yana tafiya. Kai, ranar an ga abin kunya. Dattawa masu jikoki suna ture juna don su ga haƙoransu.

Mai magana da yawun motar wani ne Habu, ɗan birni mai fara'a, bakinsa kamar an shafa zuma. Ba tabarau, ba ɗaure fuska. Yana raba hula da fankar hannu kyauta, abin da kawai yake so shi ne ka ɗan tsaya ku gaisa a gaban makirfo. Ina sunanka? Ina ne garinku? Mutum nawa ne a gidan, don kamfani ya san yawan batirin da zai aiko? Wace tasha kuke ji, da wane lokaci? Me kuka noma bana, buhu nawa aka samu?

Wallahi tambayoyin nan su ne dai waɗanda malaman ƙidaya suka yi aka sakar musu karnuka. Yau ga mutane a layi, rana na dukansu, kowa na jiran a zo kansa. Wani da aka tsallake har faɗa ya yi, wai don me ba a tambaye shi matansa nawa ba. Zailani yana gefe da tabaransa, baki buɗe. Abin da ya shekara da shekaru yana nema bai samu ko ƙyallinsa ba, ga shi ana zubar da shi a ƙasa saboda hular kwali.

Dikko ya tsaya daga nesa ya harɗe hannuwa a kan sandarsa, yana kallonsu yana taɓe baki. Da ya tafi a lokacin, da yau ba mu da labari. Amma sai saurayin nan ya juyo da na'urar, Dikko ya ga wani dogon mutum mai malfa a cikin akwatin, ya tsaya cak kamar sarkin yaƙi. Ya ɗan gyara malfar, na cikin akwatin ma ya gyara. Ya ji wani abu mai daɗi ya ratsa shi tun daga ƙafa.

Habu ya lura. Irinsu ba sa kuskuren lura. Ya taho da sauri ya durƙusa har ƙasa, ya gaishe shi da 'yar Fulatancin da ya haddace a mota, ya kira shi Baffa. Ya ce tun safe yake ganin makiyaya amma bai ga mai kwarjini irin wannan ba, daga gani babban garke ne a bayan wannan sanda. Dikko ya ce na Allah ne, shi kiwo yake yi. Habu ya ce haba, shi ina ruwansa da lissafin dukiyar mutane, ai wannan aikin gwamnati ne, su kamfani ne. Damuwarsu ɗaya ce, makiyayi yana can cikin daji batirinsa ya ƙare, ya rasa jin labaran duniya. In da za su san wajen da ake yin rani, da sai mota ta riƙa kai kaya har bakin hanya.

Dikko bai faɗi sunan wurin ba, kada a yi masa ƙarya. Cewa kawai ya yi, in mota ta bi titin Jos ta wuce gadar da ke da tsamiya biyu, ta tsaya a nan ta yi oda, zai ji. Yana faɗa yana jin daɗin wayonsa, don ai bai ce ga inda yake ba.

Da la'asar aka zo kan babban abin da ya kawo motar. Kamfani ya fito da sabuwar rikoda mai cin kaset biyu, yana neman muryar da za a yi mata talla a gidan rediyo. Za a yi gasar kiran shanu, wanda ya ci rikodar tasa ce. Samarin Fulani suka yi ta fitowa suna gwadawa. Wani Wada, wanda Dikko ya raina garkensa tun ba yau ba, ya fito ya yi wani kira mai kama da na mai tallan kunu, aka yi ta tafi. Habu ya ɗaga hannun Wada sama, ya ce da alama ba a yi makiyayi kamarsa ba a ƙasar nan, yana faɗa yana satar kallon Dikko.

Nan fa zuciya ta ɗebi dattijo. Ya ratsa taron ya karɓi makirfo. Da farko ya yi niyyar yin wani kiran na wasa, irin wanda ake kiran tumaki da shi. Amma da ya ga idanun kasuwa duka a kansa, ga shi kuma a cikin akwati, sai ya rufe ido ya saki na gaskiyan, na ubansa da kakansa, tun daga ƙasan maƙogwaro har inda yake karyewa, ya sauko da sunan Gwamna. Kasuwa ta yi tsit. Wata tsohuwa mai nono ta share hawaye.

Habu ya rungume shi, ya ɗora masa rikoda a hannu, sannan ya juya ga jama'a ya ce su zama shaida.

"Baffa, ka yarda wannan murya da muka ɗauka ta zama ta kamfani, mu yi aiki da ita yadda muka ga dama?"

Dikko ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yaro, murya ai iska ce. Ɗauki, na ba ka. Gobe ma in na buɗe baki wata za ta fito."

Aka yi tafi, ya saɓa rikodarsa a kafaɗa ya nufi gida yana jin ya cuci ɗan birni.

A ruga ya tara kowa, ya saka kaset ɗin da aka ba shi kyauta, ya danna. Muryarsa ta fito daga cikin akwatin ƙarfe, shi kuma ga shi zaune baki rufe. Ramammun shanun nan na bakin ruga suka ɗago kai a tare, suka taho har suna ture ƙwaryar Maijidda. Dikko ya buga cinya, ya ce a ga ikon Allah, ko shanu ba su bambance ba. Maijidda ba ta yi dariya ba. Tsoro ne ya kama ta, tsoro sosai.

"Malam, wannan abin da ke kiran shanunka ba da kai ba, guda nawa suka yi irinsa?"

Ya ce mata ita dai ba ta iya ganin alheri ta yi shiru. Kamfani ne fa, ba gwamnati ba. Kamfani me zai yi da saniya? Ta ce ita ba ta san kamfani ba, amma ta san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya ce to ta zauna da karin maganarta, shi zai zauna da rikodarsa.

Ba a jima ba tallar ta fara fita a rediyo safe da yamma. Sai a ji kiran Dikko ya tashi, a ji kukan shanu, sannan wani mai ƙatuwar murya ya ce rikoda mai Zomo, ko saniya ba ta gane ba mai ita ba ne. Dikko ya zama abin nuni. Mutumin da ya ɓuya bayan rumbu don kada a rubuta sunansa, yanzu in ya shiga kasuwa sai ya tsaya kusa da mai rediyo yana jan hira har tallar ta zo, don a ce ga mai muryar nan.

A irin wannan tsayuwa ce abin ya faru. Ya kawo wata karsana ya sayar, mahaucin da ya saya yana janye da ita za su fita kasuwa, sai tallar ta tashi daga rediyon mai shayi. Karsana ta yi wata irin juyawa, ta fizge igiya, ta ja mahauci a ƙasa har gaban tebur, ta tsaya tana shinshinar rediyo tana neman kanwa. Kofuna suka zube, aka yi ta dariya, ta Dikko ta fi ta kowa ƙarfi. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Zailani, da ke zaune a ƙarshen benci, ya sa hannu a hankali ya cire tabaransa. Ranar aka fara ganin idanunsa a garin, ashe ƙanana ne masu kaifi. Ya dubi karsanar, ya dubi rediyon, ya biya kuɗin shayinsa ya tashi. Dikko har da yi masa ba'a, wai yallaɓai a sauka lafiya, a gaida babur.

Ranar da za a yi ta, hantsi ya ɗaga, an gama tatsa a kwarin. Dikko ya ɗaure maruƙa a dangwali, igiyar nan doguwa da ake jera su a jiki, manyan kuma suna kwance suna tuƙa. Yana zaune a kan dutse yana gyara takalminsa sai ya ji kira.

Ya san kiran kafin ya san daga ina yake. Daga wajen titi yake zuwa, daga wajen gadar nan mai tsamiya biyu, ya tsallako duwatsu da kurmi, da ƙarfin da maƙogwaron ɗan'adam bai taɓa yi ba. Ya fara a ƙasa, ya hau, ya karye, ya sauko da sunan Gwamna. Da ya ƙare sai ya sake farawa, daidai yadda ya yi na farko, ba gajiya ba tari.

Shanu suka miƙe.

Dikko ya diro daga dutsen, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya sha gabansu yana ɗaga sanda, suka ratse shi ta dama da hagu kamar ruwa ya sami kututture. Ya ruga can gefen dutse inda ya saba tsayawa, ya cika ƙirji ya saki nasa kiran. Wasu daga baya suka tsaya suka waiwayo. Amma kafin ya ja numfashi na biyu, wancan ya sake tasowa, ya danne nasa kamar ba a yi ba. Ya sake yi, ya sake, har muryar ta dushe ta koma kamar ta ɗan zakara. Shi mutum ne, yana da huhu biyu da shekaru a kansa. Wancan kuwa janareta ne ke ba shi numfashi.

Gwamna ne na ƙarshe. Ya tsaya a bakin kwarin, ya juyo da ƙaton kansa ya dubi Dikko, kunne ɗaya nan, ɗaya can. Dikko ya miƙa masa hannu, ya kira sunansa da abin da ya rage na murya, a hankali, kamar mai roƙo. Lasifika ta kira sunan da ƙarfi. Bijimin ya kaɗa wutsiya ya bi sauran.

Haka Dikko ya bi bayan garkensa da gudu, ƙaya na cin ƙafarsa, yana ji da kunnensa yadda shi da kansa yake kora dukiyarsa zuwa hannun hukuma. A bakin titi an riga an kafa shinge da itace, an zuba kanwa a ciki, masu gadin daji da 'yan sanda sun yi layi. Shanun suka shige ɗaya bayan ɗaya, ba duka ba tsawa. A tsakiyar shingen ga motar nan rawaya mai hoton zomo. Zailani yana tsaye a kanta tsakanin lasifikoki, ya mayar da tabaransa, ƙirji a gaba. A cikin motar kuma Habu ne zaune, yatsansa a kan maɓalli.

Da ya hango Dikko sai ya kashe, ya fito, ya durƙusa har ƙasa kamar ranar farko, ya ce Baffa ina kwana, ya gida, ya rikoda, tana dai aiki lafiya ko?

Dikko ya buɗe baki. Da ƙyar aka ji muryarsa. "Kai ka ce ku ba gwamnati ba ne."

"Wallahi ba mu ba ne, Baffa. Mu haya muke bayarwa. Jiya masu maganin basir ne suka ɗauki motar, gobe masu biki. Yau su yallaɓai suka biya, suka ce a haɗa musu da kaset, da inda ka ce a tsaya a yi oda."

Ya faɗi haka ne da fara'arsa, ba alamar mugunta a fuskarsa ko kaɗan, kuma wannan ya fi komai ƙona ran Dikko. Da ma ya zage shi.

Zailani ya sauko a hankali don kada wandonsa ya yage. Ya ce Malam Dikko, shi fa ba shi da haushin kowa. Ya ci ƙaya a dajin nan, ya ci cizon ƙudan tsando, hukuma ta tashi jirgi ta ƙona mai, duk ba su ga ko wutsiya ba. Da ya san rikoda ɗaya ce kuɗin abin, da tuni ya sayar da babur ya saya masa.

Ranar gwamnati ta cika burinta, ta ƙirga shanun Dikko da baki, da ƙarfi, a gabansa, wani na nunawa da sanda wani na amsawa. Ya toshe kunnuwansa. Kuma ka ga abin mamaki, camfin kakanninsa bai yi ƙarya ba, don tun daga ranar lissafin bai sake ƙaruwa ba. Kullum aka sake ƙirgawa a shingen hukuma sai a ga ya ragu. Wannan ta mutu da dare, waccan ta tsallake shinge, wata kuma ba a san yadda aka yi ba. Kafin a shiga gaban alƙali, rabin garken ya bi iska, ragowar kuma tara da kuɗin ciyarwa suka cinye. An ce an ga wani farin bijimi mai tozo a bayan babbar mota an nufi kudu da shi. Dikko bai tambayi ko wanne ne ba.

Ya je Kano neman ofishin kamfanin, wai a ba shi muryarsa. Wata yarinya mai fara'a ta ba shi kujera da ruwan sanyi, ta tambayi sunansa da garinsu da abin da ke tafe da shi, ya faɗa mata duka, don ya saba. Sannan ta ce ai kaset ɗin an buga shi da yawa, yana Zariya yana Jos yana ko'ina, amma kamfani na godiya ƙwarai, ga hula.

Ban da ramammun nan na bakin ruga, abin da ya rage masa su ne maruƙan nan da ya ɗaure a dangwali, waɗanda igiya ta hana su amsa kira. Shi da Maijidda suka kwaso su zuwa ruga, tana dama musu ruwan dusa tana ba su da hannu, don iyayensu sun tafi da nonon. Ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Rikodar kuwa ta juye ta ta zama abin ɗora ƙwarya.

Wata safiya yana zaune kusa da dangwalin yana murza igiya, sai ga wani mai keke ya biyo ta hanyar bayan ruga, rediyo rataye a ƙahon keken. Tallar ta tashi. Maruƙan suka zabura gaba ɗaya, suka ja igiya ta miƙe, suna kuka suna miƙa wuya wajen hanya. Dikko ya tashi ya tsaya a gabansu. Ya buɗe baki ya kira su, da muryar da ta rage masa tun ranar kwarin, wadda ba ta sake komawa daidai ba.

Ko ɗaya bai waiwayo ba. Suka bi mai keken da ido har ya sha kwana, sannan suka ci gaba da kallon inda ya ɓace.

Maijidda ta ajiye muciya ta zo ta karɓi igiyar daga hannunsa, ta ce ya je ya zauna, ita za ta ba su dusar.